Bayanin Masu Barin Gari Su Shiga Daji Domin Ibada, Da Abin Da Ya Auku Gare Su A Ƙasar Kano Da Maƙwabtanta

Da sunan Allah nake farawa, gare shi nake neman taimako. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin birni da daji. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Muhammadu, wanda ya keɓanta a kogon Hira kafin aike, sa'an nan ya sauko zuwa ga mutane ya zauna cikinsu har wafatinsa, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Amma bayan haka, sababin wannan takarda shi ne wani zance da ya yawaita a bakin almajiran ilimi na Fagge. Ɗayansu yakan zauna a zaure da Risala ko Iziyya a hannu, ta nan hayaniyar Kantin Kwari, ta can 'yan canjin Wapa suna kiran kuɗi, gaba kaɗan kasuwar Sabon Gari, sai ransa ya ce masa: addini ba ya tsira a wannan wuri, da ma in sami wani daji ko kogon dutse in zauna ni kaɗai har mutuwa ta riske ni. Niyyar tana da kyau. Sai dai waɗansu sun riga shi yin wannan tunani a ƙasar nan, cikinsu akwai sarki da babban malami da gardi, labarinsu kuwa a rubuce yake. Ya kamata mai niyya ya san abin da ya same su kafin ya naɗe buzunsa.

Fasali cikin rarrabe sunaye

Ka sani, ya ɗan'uwa, Allah ya datar da mu da kai, mutane suna cakuɗa i'itikafi da halwa da uzula, alhali kowanne da hukuncinsa. I'itikafi a mazhabar Malik ba ya inganta sai da azumi, kuma a masallaci, in kwanakin za su haɗa da Juma'a to a masallacin Juma'a, abin so kuma kada ya gaza kwana 10. Ka ga ke nan keɓewar da fiƙihu ya yi wa babi a tsakiyar jama'a ya ajiye ta, mai yin ta yana bin liman sau biyar a yini. Halwa kuwa ta mutanen ɗariƙa ce: ɗaki mai duhu, da izinin shehi, da ƙarancin ci da barci da magana, kwana 3 ko 7 ko 40. Tana da ranar shiga, tana da ranar fita.

Uzula ita ce nisantar mutane ba da wa'adi ba, ita ce kuma abin zancenmu. Imamu Khaɗɗabi, wanda ya rasu a shekara ta 388 ta hijira, ya yi littafi guda a kanta. Imamu Gazali ya yi mata babi a cikin Ihya'u, ya ƙirga mata amfani shida, sa'an nan ya ƙirga abu bakwai da mai yin ta ke rasawa, na farkonsu koyo da koyarwa, har ya hukunta cewa wanda bai gama sanin farillansa ba mai saɓo ne in ya keɓe. Shi da kansa ya bar kujerar koyarwa ta Nizamiyya a Bagadaza a 488 (1095), ya zauna Dimashƙa da Ƙudus yana ɓoye kansa, amma a 499 (1106) ya koma koyarwa a Naisabur. Zama cikin sahara har mutuwa, ba aure ba jam'i, wannan aikin rahiban Nasara ne irin su Antoniyos na Masar da ya mutu a 356 na miladiyya. Sahabi Usmanu ɗan Maz'unu ya nemi izinin yanke aure domin ibada, Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bai ba shi ba.

Fasali cikin mutumin Dala da sarakuna biyu

Mutum na farko da labarin Kano ya ambata da zama shi kaɗai a kan dutse ba musulmi ba ne. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda Bature Palmer ya juya zuwa Turanci a 1908, ya ce Barbushe, daga zuriyar Dala, a bisa dutsen Dala yake zaune, ba ya saukowa sai kwana biyu a shekara. Shi kaɗai ke shiga katangar Tsumburbura, wani in ya shiga sai ya mutu. Ranar saukowarsa mutane sukan taru a gindin dutse da baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru, ya shiga ya fito ya gaya musu abin da zai auku a shekara. An ce ya ba su labarin baƙon da zai zo ya mallake su, kafin zuwan Bagauda a 999. Na kawo shi ne domin ka gane abu guda: rashin ganin mutum yana sa masa kwarjini a zukatan jama'a, ko mumini ne ko boka. Kwarjinin mai keɓewa ba ya zama dalilin walittakarsa.

Sa'an nan bayan shigar musulunci da zuwan Wangarawa a zamanin Yaji, sai ga Sarki Umaru ɗan Kanajeji, wanda ya yi sarauta daga 1410 zuwa 1421. Ubansa mayaƙi ne, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Shi kuwa Umaru malami ne mai yawan salla, almajirin Ɗan Gurdamus Ibrahimu, yana da aboki ana ce da shi Abubakar. Da ya hau gadon sarauta sai abokin ya zarge shi, ya bar shi ya tafi Barno ya yi shekara 11. Da ya komo ya iske shi yana nan bisa gado, sai ya yi ta yi masa wa'azin lahira da wulaƙancin duniya, har Umaru ya tara Kanawa ya gaya musu sarauta tarko ce, ya wanke hannunsa daga gare ta. Ya sauka, ya tafi tare da abokinsa, ya ƙare kwanansa cikin nadama. Saboda haka aka yi masa laƙabi da Ɗan Tarko. Ɗan'uwansa Dauda ya gaje shi.

Lura da yadda ya fita. Ya sauke amana a bainar jama'a, gari bai kwana ba sarki ba, tun yana kan gado ma al'amura a hannun Galadima suke, ƙasa lafiya ba yaƙi ba fashi. Kuma da aboki ya tafi, wanda zai tuna masa in ya manta, ya gyara masa in ya karkace.

Kishiyarsa shi ne Abubakar Kado ɗan Muhammadu Rumfa, daga 1565 zuwa 1573. Shi bai sauka ba, amma ya janye zuciyarsa daga sarauta yana bisa gado. Ba abin da yake yi sai ibada, shi da hakimansa, malamai suka yawaita a zamaninsa, ya karanta Ashafa, ya sa 'ya'yan sarki karatun Alƙur'ani. Wannan duka alheri ne. Amma Katsinawa suka kawo yaƙi har ƙofar gari, suka sauka a Salanta, ƙauyuka suka watse, ba a samun mutane sai a garuruwa masu ganuwa da kan duwatsu. Daga baya aka tuɓe shi. Wa ya biya kuɗin keɓewar Kado? Talakan da aka kama a gonarsa. Wanda haƙƙin wani ke wuyansa, sarki ne shi ko mai gida ko mai makaranta, ba shi da uzula sai ya sauke haƙƙin.

Fasali cikin hanyar Azbin

Fagge tun asalinta zango ce a bayan ganuwa, inda ayarin Azbinawa ke sauke gishirin Bilma da dabino, su ɗauki hatsi da tufafin Kano su koma arewa. Hanyar da gishiri ya bi, ita littafi da wuridi suka bi. A duwatsun Azbin ɗin nan ne, cikin ƙarni na 16, wani baƙo ya bayyana, Sidi Mahmudu Albagadadi, yana koya wa Buzaye zikiri da halwa. Mutane suka taru gare shi, malaman fada suka kai sukarsa wurin Sarkin Agadas, aka kashe shi a Agalanga. Muhammadu Bello ya ambaci labarinsa a cikin Infaƙul Maisuri. Haka a arewacin Barno aka yi Kulumbardo, garin Shehu Abdullahi Albarnawi, inda almajirai kan watsu cikin daji kowa shi kaɗai da zikirinsa, lokacin salla su taru bayan shehinsu. Abin da aka fara domin keɓewa ya zama gari sananne, har labarinsa ya kai Fas, har mahara suka san hanyarsa. Buzaye suka faɗa masa a 1677, suka kashe shehin, garin ya watse.

Daga Agadas ɗin nan Malam Jibrilu ɗan Umaru ya fito, wanda ya karɓi ɗariƙar Halwatiyya a Masar, ya ba da ita ga almajirinsa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya yarda da su. Shehu ya bi shi har Agadas yana son wucewa tare da shi zuwa hajji, amma ya komo domin mahaifinsa bai yi masa izini ba. Dubi wannan, ya kai mai shirin shiga daji ba sallama: tafiya zuwa ɗakin Allah ce aka fasa saboda haƙƙin uba. Shehu ma'abocin wuridi ne da keɓewa, a shekararsa ta 40, cikin 1794, ya ga abin da ya gani na Shehu Abdulƙadir Jilani da takobin gaskiya. Duk da haka tun yana ɗan shekara 20 yake fita wa'azi, ya zaga Kabi, ya yi wajen shekara biyar a Zamfara yana karantar da maza da mata da harshensu. Ɗagel ƙauye ne a gefe, nesa da fadar Gobir, amma cike yake da ɗalibai.

Fasali cikin fitar Malam Abdullahi, shi ne zuciyar wannan takarda

Babu labarin da ya fi kusa da tambayar almajiran Fagge kamar na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu kuma wazirinsa, Allah ya jiƙansa, domin shi ya shiga daji da ƙafarsa, kuma a Kano tafiyar ta tsaya. Shi da kansa ya rubuta labarin a cikin Tazyinul Waraƙati, wanda ya gama a 1813.

An yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a 1218 (1804). Shi ya jagoranci jama'a a Tafkin Kwatto aka yi nasara. Bayan nan aka sha wuya: a Tsuntsuwa aka rasa wajen mutum 2,000, cikinsu mahaddata Alƙur'ani kusan 200, sa'an nan aka yi Alwasa a 1805. Waɗanda suka yi karatu tare da shi a Ɗagel, suka san don me aka fito, yawancinsu suka riga shi. Ya duba waɗanda suka rage da waɗanda suka shigo daga baya, ya ga himmarsu ta koma ga neman muƙami da dawaki da riguna da ƙwaraƙwarai da mallakar garuruwa, ga masallaci da makaranta an yi sakaci da su. Ya duba kansa kuma ya ji tsoron kada abin ya shafe shi. Wannan ita ce illar da ke damun kowane mai tunanin uzula, sai dai tasa ta fi zafi, domin jama'ar da ya ga ta canja shi ya taya gina ta da alƙalaminsa da bakansa.

A shekara ta huɗu bayan hijira, 1222 (1807), rundunar jama'a ta fita zuwa Alƙalawa. Yana cikinta, sai ya rabu da ita, ya fuskanci gabas da nufin Makka da Madina. Ya shiga daji shi da mutum biyar, suka kwana uku ba su ga ɗan Adam ba, ba su ga sawun kowa ba sai sawun giwaye masu yawa, har Allah ya fitar da su inda mutane suke. Suka yi ta tafiya har Kano.

A lokacin nan ba a daɗe da korar Sarki Alwali ba, Malam Sulaimanu ne ke riƙe da gari, shugabannin jama'a kuwa kowa da nasa ra'ayi. Mutanen Kano suka hana shi wucewa, suka ce ya tsaya ya koya musu yadda ake tsai da addini. Ya duba ya ga abin da ya gudo dominsa ya riga shi isowa, har ya gaya musu haka a fuskarsu. An gudu ba a tsira ba. Da mai neman tsiran kansa kaɗai ne, da ya ɗaura sirdi da dare ya wuce Barno. Amma ya zauna. Ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, littafin da ke bayanin hijira da naɗa shugaba da aikin alƙali da waziri da hukuncin siyasar shari'a, ya karanta musu tafsirin Alƙur'ani, suka tuba, aka farfasa kayan wasa, itacen ganguna aka mai da shi komin zuba wa dawaki abinci. Sa'an nan ya koma wurin Shehu. Alƙalawa ta faɗi a 1808.

Yi tunani cikin wannan, ya ɗan'uwa. Mutumin da ya fita yana gudun mulki, abin da fitarsa ta haifa shi ne littafin da aka yi ta tafiyar da mulki da shi a ƙasar Hausa, ana kwafarsa hannu da hannu har zuwan Turawa da bayansu. Kwana ukun da ya yi cikin sawun giwaye ba su zama banza ba, don da bai fita ba da bai iso Kano a ranar da take bukatarsa ba. Amma kwana uku ne, kuma ba shi kaɗai ba ne, kuma ya shiga dajin ne bayan ya ƙoshi da nahawu da fiƙihu da tafsiri da hadisi, yana da shekara wajen 40. Abin da ya shiga da shi, shi ya fito da shi. Wanda ya shiga daji da Ahalari bai gama ba, me zai fito da shi ban da mafarki?

Ba a ce ƙyamar duniya ta bar shi bayan nan ba. Da Shehu ya rasu a 1817 aka naɗa Muhammadu Bello, shi ya zauna a Gwandu, bayan sulhun Kalambaina ya bar yawancin al'amuran mulki ga ɗansa Muhammadu da ɗan ɗan'uwansa Buhari, ya duƙufa ga karantarwa da wallafa har ya rasu a 1829. Ita ce uzularsa ta ƙarshe: zaure da ɗalibai da tawada. Irin ta kuma ta Muhammadu Sambo ɗan Shehu ce, wanda ya guji muƙami aka san shi da zuhudu har rasuwarsa a 1826, amma ya bar almajiri kamar Abdulƙadir ɗan Tafa na Salame, wanda matafiyin Jamus Barth ya sadu da shi a 1853 ya yaba iliminsa.

Fasali cikin waɗanda suka keɓe da fushi

Akwai wata keɓewa wadda ba tsoron sharrin kai ke kawo ta ba, ganin sharrin mutane ne. Malaman tasawwufi sun yi gargaɗi a kanta tun da, suka ce mai keɓewa ya ƙudurta cewa mutane yake kuɓutarwa daga sharrinsa, kada ya ƙudurta cewa shi ne mai tsarki. Wajen 1846 Malam Hamza na Tsakuwa da waɗansu malamai suka ƙi biyan kuɗin ƙasa da aka ɗora musu, suka bar ƙasar Kano suka hau duwatsun Ningi, suka zauna cikin Butawa da Warjawa. Kukansu yana da fuska, domin malamai da dama sun soki harajin zamanin. To amma me ya biyo baya? Mutane suka taru gare shi saboda abin da ake faɗa na asirinsa, ya zama shugaba, magadansa irin su Ɗan Maje da Haruna suka zama sarakunan yaƙi, suka yi shekaru suna kai hari kudancin Kano suna kama bayi, cikinsu har da musulmi. Sarki Abdullahi Maje Karofi, daga 1855 zuwa 1883, ya sha fita yaƙi da su. An hau dutse don gudun zalunci, ba a yi tsawon rai guda ba aka sauko da shi.

Mafi kusa da mu, kuma mafi ɗaci, abin da ya auku a 'Yan Awaki, maƙwabciyar Fagge. Muhammadu Marwa, wanda aka sani da Maitatsine, ya zo Kano daga ƙasar Kamaru, aka kore shi a 1962 zamanin Sarki Muhammadu Sanusi, ya komo. Bai shiga daji ba, dajin ya gina a tsakiyar gari: ya tara samari daga ƙauyuka, ya raba su da masallatan mutane da malaman gari da littattafan ilimi, ya haramta musu agogo da keke da rediyo, yana tsine wa wanda ya saɓa masa. A watan Disamba na 1980 faɗa ya tashi daga filin Shahuci, ya yi kwanaki har sai da soja suka shigo. Hukumar binciken da aka naɗa ta ƙirga mutum 4,177 da suka mutu. Dattawan Fagge da suka ga gawawwaki a kan hanya suna nan da ransu, tambaye su.

Ban ce duk mai son kaɗaici zai kai nan ba, Allah ya kiyaye. Abin da nake nuna maka shi ne matakin farko guda ne: mutum ya daina zama inda za a ce masa ya yi kuskure. Daga nan sai ganin kowa ɓatacce, daga nan sai kafirtawa. Shehu Usmanu ya yi raddi ga ɗaliban zamaninsa da ke kafirta talakawa don ba su iya jera dalilan tauhidi ba, ya kuma saɓa wa malaminsa Jibrilu cikin ladabi a kan kafirta mai saɓo. Da kowannensu yana kogonsa, wa zai gyara wa wani?

Fasali cikin abin da ƙasar nan ta yarda da shi

Keɓewar da ta zauna da gindinta a ƙasarmu ita ce ta gardawa. Gardi yakan bar tsangaya da sassafe ya tafi kiskadi, 'yar bukka ko gindin itace a bayan gari, da allonsa da tawadarsa, ya wuni yana tilawa ba mai yi masa magana. Waɗansu sukan tafi gabas, ƙasar Barno, su yi shekaru haka. Amma da yamma yana komowa, alaramma ya duba allon, ya gyara masa wasali da ɗigo, kuma ƙarshen abin shi ne ya rubuta Alƙur'ani da ka, gwanaye su bi shi harafi harafi. Kaɗaicinsa yana da mai dubawa. Masu tarihin Kano kuma sun ruwaito cewa Sarki Ibrahim Dabo, da aka naɗa shi a 1819 ƙasa ta yi masa tawaye, ya shiga halwa yana roƙon Allah, sa'an nan ya fito ya hau doki.

Ɗariƙun nan biyu da suka cika Kano ma haka shugabanninsu suka yi. An ruwaito Shehu Abdulƙadir ya yi shekaru 25 yana yawo a dajin Iraƙi, amma abin da duniya ta san shi da shi kujerar wa'azinsa ce a Bagadaza, daga 521 har rasuwarsa a 561. Shehu Ahmadu Tijjani ya sami buɗinsa a ƙauyen Abu Samguna cikin sahara a 1196, kuma littattafan ɗariƙarsa sun ce an umurce shi da riƙon wuridin ba tare da halwa ko nisantar mutane ba, ya ƙare a birnin Fas ya rasu a 1815. Shi ya sa ka ga mai tebur a Kwari yana rufe shago ya zauna da'irar wazifa, ba wanda ya ce masa sai ya bar kasuwa.

In ka ce: ai Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya keɓe a Aƙiƙ lokacin fitina, kuma hadisi ya inganta cewa wani zamani zai zo da mafi alherin dukiyar musulmi tumaki ne da zai bi kan duwatsu da su don tsare addininsa, kuma Imamu Malik ya bar fita masallaci a ƙarshen rayuwarsa. Sai mu ce: gaskiya ne duka. Amma fitinar da Sa'adu ya guda ita ce musulmi su zare wa juna takobi, kuma da iyalinsa da dabbobinsa ya fita, yana ci daga guminsa. Malik kuwa uzurin ciwo ne da ya ɓoye shi, ƙofar gidansa kuma ba ta rufu ga ɗalibai ba har ya rasu a 179. Hayaniyar kasuwa da ƙarar injin wuta ba su kai fitinar takobi ba. Kuma ka tambayi kanka wa zai ciyar da kai a dajin. In amsar ita ce mutanen ƙauye za su kawo sadaka, to ba ka bar mutane ba, nauyinka ka ƙara musu.

Wane daji ma? Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka yanka Sabon Gari wajen 1913, tun daga nan gari yake cin gona, gona tana cin daji. Dala da Goron Dutse gidaje sun kewaye su. Dazuzzukan da suka rage tsakanin Katsina da Zamfara, irin su Rugu, sawun da ke cikinsu a shekarun nan na baburan 'yan bindiga ne, masu satar shanu da mutane.

Mas'ala

Wanda ya kafa bukka a bayan gari da niyyar uzula, shin Juma'a ta faɗi a kansa? Ibnu Abi Zaid ya bayyana a Risala cewa tana wajaba ga mazaunin gari da wanda ke nesa da shi mil uku ko ƙasa da haka, in namiji ne, ɗa, baligi, ba matafiyi ba. Niyyar keɓewa ba ta cikin uzurorin da malamai suka ambata, kamar ciwo da jinyar makusanci da tsoron azzalumi. A da, lokacin da masallacin Juma'a guda ne a birni kusa da Gidan Rumfa, mutanen Fagge ta Ƙofar Mata sukan shiga su same ta, wanda ya yi tafiyar rabin wuni daga ganuwa kuwa yakan fita daga haddin. Daga baya aka gina masallacin Juma'a na Waje a nan Fagge, bayansa masallatai suka yawaita unguwa unguwa har ƙauyukan kewaye. Yau in mutum ya auna mil uku daga wannan hasumiya, kafin ya cika su ya shiga cikin mil uku na wata.